Mai Ajiye Kifi, Ruwa Yake Kiwo: Nasiha ga Ɗana a Garbadu

 Saƙonka ya same ni, na kuma fahimci abin da kake nufin yi wa yara: ka sayo musu jan kifin nan na ado da ake jerawa a shagunan birni cikin ƙwaryar gilashi, wanda masu sayarwa ke kira golfish. An gaya maka ba shi da ɗawainiya. Ba ya kuka da dare, ba ya tsinke igiya ya faɗa gonar maƙwabci, ba a yi masa yankan ciyawa, abincin kuɗi kaɗan kuma ya kai shi wata da watanni. Niyyarka kyakkyawa ce, kuma ba hana ka zan yi ba. Yaron da ya tashi yana kula da wani abu mai rai, zuciyarsa takan yi laushi. Sai dai ina so ka saurare ni kafin ka fitar da kuɗinka, domin rabin abin da aka gaya maka gaskiya ne, ɗaya rabin kuwa mai shagon bai faɗa ba, wataƙila shi ma bai sani ba.

Rabin da yake gaskiya shi ne kifin nan yana da taurin rai. Idan ya samu wurin da ya dace da shi, shekara goma zuwa goma sha biyar ba komai ba ce gare shi, wasu har su haura ashirin. A Ingila an yi wani da aka ciwo a wurin wasan yara a 1956, masu shi suka raɗa masa suna Tish, bai mutu ba sai a 1999, yana da shekara 43. Ka duba lissafin da kyau: kifin da za ka sayo wa ɗanka na aji biyu a firamare zai iya kaiwa ranar da za a ɗaura wa yaron aure. Ɗan jan abin nan da ka gani bai fi ɗan yatsa ba jariri ne. Idan ya samu fili yakan kai santimita 20 zuwa 30. Amma da yawa daga waɗanda ake sawa a ƙwaryar gilashi ba sa ganin ƙarshen shekararsu ta fari. Sai a tsamo gawar a jefa wa kaji, a ce ai dama haka suke, ba sa daɗewa. Ajali na Allah ne, babu mai jayayya da wannan. Amma abin da aka halitta ya yi shekara goma sha biyar, in ya mutu cikin wata biyu, sai a nemi sababi a hannun mai shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da kifi shi ne ba shi da murya. Akuya idan ta ji yunwa, unguwa duka sai ta sani. Kaza za ta bi ka har ƙofar ɗaki. Kifi kuwa zai wuni yana shaƙewa a gaban idonka, kai kana cewa yau yana ta wasa a saman ruwa. Shirun nan nasa ne mutane suka ɗauka rashin ɗawainiya. Ka san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito shi. Ka kuma san labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, wanda da ya mutu Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi yaron labarinsa don ya lallashe shi. Daga na biyun malamai suka fahimci halascin ajiye wa yaro ɗan abin kiwo don nishaɗi, na farkon kuma shi ya gindaya sharaɗi. Kyanwa ke nan, wadda in an buɗe mata ƙofa za ta nemi ɓera. Kifin da ka ɗauko ka sa a mazubi kuwa, cinsa da shansa da numfashinsa duk sun koma wuyanka.

Asalin kifin nan ƙasar Sin ne. Kakanninsa kifaye ne na tafki masu launin toka da azurfa, ana kama su ana ci. Can ba a rasa ba sai a samu wani ya fito ja ko ruwan ɗorawa, sai a ware shi a saka a tafkunan gidajen ibadar mabiya Budda, inda ba a kamun kifi. A zamanin daular Song, wadda ta yi mulki daga 960 zuwa 1279, kiwonsa ya kankama a gidajen sarauta da na attajirai. A zamanin daular Ming, daga 1368 zuwa 1644, aka shigo da shi cikin gidaje. Ya isa Turai a ƙarni na 17, Amurka kuma a ƙarni na 19, inda ya yi araha har ya zama kyautar da ake miƙa wa yara cikin leda a wuraren wasa. Daga arahar nan ne aka fara ganin ransa ba a bakin komai ba.

Abin da nake so ka riƙe daga tarihin nan shi ne mazubin da mutanen Sin suka yi kiwonsa a ciki. Manyan tukwane ne na yumɓu da tangaran, masu faffaɗan baki, ana ajiye su a tsakar gida, ana kallon kifin daga sama. Wato kwatarniyar da ke girke a gidan kakarka ta fi kusa da gidansa na asali fiye da ƙwaryar gilashin nan mai tsukakken baki. Ita ƙwaryar, a 2005 majalisar birnin Roma ta ƙasar Italiya ta hana ajiye kifi a cikinta, saboda cutarwar da take yi masa.

Ga dalili. Kifi a ruwansa yake ci, a ciki yake kashi, a ciki yake numfashi. Ka ɗauka mutum ne aka kulle a ɗaki ɗaya mara taga, nan ne makwancinsa, nan ne madafinsa, nan ne makewayinsa. Jan kifi kuma ba shi da tumbin ajiye abinci irin namu, yana ci yana fitarwa, shi ya sa ya fi yawancin kifayen ado ɓata ruwa. Babbar gubar ma ido ba ya ganinta. Wani sinadari ne da ake kira amoniya, wanda yake fitarwa ta kunnuwan nan nasa da yake numfashi da su, ragowar abinci da kashinsa kuma in sun ruɓe su ƙara. Ruwa zai iya zama garau, ka ga ƙasan mazubin tas, alhali amoniya tana ƙona masa kunnuwa. A gulbi yawan ruwa ne ke tsarma ta. A mazubi kuwa sai da taimakon wasu ƙwayoyin halitta da ba a gani da ido, masu zama a jikin tsakuwa da bango da soson matacin ruwa. Wasu su cinye amoniyar su mai da ita wani sinadarin, shi ma mai guba, wasu su karɓa su mai da shi na uku mai sauƙin illa, wanda tsirrai ke sha a matsayin taki. Kafin ƙwayoyin nan su yi yawan da za su iya aikin a sabon mazubi, sai an yi mako huɗu zuwa shida. A cikin makonnin nan ne sababbin kifaye suka fi mutuwa.

A nan ina so ka zaunar da mai ɗakinka ka yi mata bayani a tsanake. Matan gidanmu masu tsafta ne, Allah ya saka musu da alheri, amma a sha'anin kifi tsaftar da suka saba za ta iya yin kisa. Idan ta ga bangon mazubi ya yi gansakuka, hannunta zai kai ga omo da soso, ta tsame kifin ta sa a kwano, ta goge ko'ina fes, ta zuba sabon ruwa. Da wannan aiki ɗaya ta kashe ƙwayoyin da suka yi wata guda suna taruwa, ta bar sauran sabulu a bango, ta kuma jefa kifin a ruwan da jikinsa bai sani ba. Ba a wanke gidan kifi da sabulu ko sau ɗaya. Koren nan na jikin bango alheri ne, kifin ma yana tsattsaga yana ci. Abin da ake yi shi ne, kowane mako a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ko ɗaya cikin uku, a zuƙo shi daga ƙasa da ɗan tiyo don ya fito da datti, a mayar da sabo daidai wanda aka ɗebe. Idan akwai soson tacewa, a cikin tsohon ruwan ake matse shi. Tsohon ruwan kuma kada a zubar a kwata, a kai shi gindin zogale ko yakuwa, za ku ga amfaninsa.

Sai maganar zafi, wadda ita ce babbar matsalarmu a nan, kuma littattafan Turawa ba don mu aka rubuta su ba. Jan kifi na ruwan sanyi ne. Ya fi walwala tsakanin digiri 18 zuwa 24 a ma'aunin zafi. Kai kuwa ka san Garbadu a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi waje turiri. Zafi yana matse kifi ta fuska biyu. Ruwan zafi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa: lita ɗaya a digiri 20 tana ɗaukar kusan miligiram 9, a digiri 30 kuwa ta koma wajen 7 da rabi. A daidai lokacin kuma jikin kifin yana ƙara gudu, buƙatarsa ta iska tana kusan ninkawa duk sanda zafi ya ƙaru da digiri 10, gubar amoniya ita ma tana ƙara kaifi. Za ka ji ana cewa ai kifin nan yana rayuwa ko babu iska. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A ƙasashen sanyi, idan ƙanƙara ta rufe tafki iska ta ƙare, Allah ya hore wa jikinsa wata dabara ta juya gubar da ke taruwa a tsokarsa zuwa sinadari irin na barasa, ya fitar da shi ta kunnuwa, ya yi kwanaki a haka. Baiwa ce ta lokacin sanyi. A ruwan bazararmu awoyi kaɗan za ta kai shi.

Ɗan ruwa kaɗan yana bin zafin iska nan take, da rana ya yi ɗumi, da asuba ya huce, kifin na ciki yana shan wahalar hawa da sauka. Ruwa mai yawa kuwa a hankali yake ɗumi, a hankali yake hucewa. Shi ya sa masana kiwonsa ke cewa kifi ɗaya yana son kamar lita 75, wato jarka uku mai lita 25, kowane ƙari kuma a ƙara masa wajen lita 40. Faɗin saman ruwa ya fi zurfinsa muhimmanci, domin ta saman ne iska ke shiga.

Saboda haka ga shawarata. Ka bar zancen gilashi a falo. Ka sa magini ya yi maka ɗan tanki na bulo da siminti a tsakar gida, tsawon mita ɗaya, faɗin santimita 60, zurfin rabin mita. Zai ci lita 300, jarka goma sha biyu ke nan, kuma kowane mako jarka uku ko huɗu za ka sauya. Ka auna wannan da wahalar ruwan gidanka a watan Maris da Afrilu kafin ka ce to. Idan aka nutsa rabinsa cikin ƙasa ya fi sanyi. A yi masa rumfar zana, yadda ranar safe kawai za ta taɓa shi. Kada ka gina shi a gindin darbejiya don neman inuwa, ganyenta da 'ya'yanta in sun jiƙa a ruwa suna cutar da kifi. Sabon siminti yana fitar da farar ƙasa mai ƙona jikin kifi, don haka sai an cika tankin an bar shi kwanaki an zubar, an maimaita haka sau da yawa cikin makonni, kafin a yarda da shi. Bayan nan sai ka zuba wankakkiyar tsakuwa, ka cika, ka riƙa barbaɗa ɗan abincin kifi kaɗan duk bayan kwana biyu ko uku har wata guda, alhali babu kifi a ciki, don ƙwayoyin nan su samu abin ci su yaɗu. A watan nan ka rufe shi da ragar waya irin ta taga, kada ka buɗe wa sauro gidan haihuwa. Kada kuma ka yi murfin da gidan sauro mai magani, domin maganin da ke jikinsa guba ne mai ƙarfi ga kifi.

In gini ya yi maka nauyi a yanzu, nemi kwatarniya mafi girma da mai ginin tukwane zai iya yi, ka girke ta cikin jiƙaƙƙen rairayi a inuwa. Hikimar da ke sanyaya ruwan randa ita za ta yi maka aiki: ruwa yana tsatsafowa ta jikin yumɓu, iska tana busar da shi, zafi yana tafiya tare da shi. A kan wannan hikima ce Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani don adana kayan miya, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A busasshiyar iskar bazara dabarar ta fi ci. Amma kwatarniya ta ƙananan kifi biyu ce na ɗan lokaci, suna girma sai ka yi musu gini. Ka kuma nemi ɗan famfon iska, akwai ƙanana masu aiki da batirin cajin waya ko ɗan faifan sola, tunda ba ka da tabbacin wuta. Da dare zuwa asuba aka fi buƙatarsa, domin da rana tsirran ruwa suna ba da iska, da dare kuwa su ma shaƙa suke yi. 'Yar kainuwa kaɗan a sama tana ba da inuwa, kifin kuma yana tsinkar saiwarta. Ka wanke ta, ka ajiye ta a wani bokiti na kwanaki tukuna, kada kuma ka bari ta rufe fiye da sulusin saman ruwan.

Ruwan rijiya da na burtsatse suna da kyau, amma suna fitowa da ƙarancin iska, don haka a bar su su kwana a buɗe kusa da tankin, zafinsu ya daidaita da na ciki. Idan ruwan famfo ne mai kulorin, a ba shi kwana ɗaya ko biyu. Ruwan da na hana ka ɗungum shi ne na hanyoyin ban-ruwa da ke ratsa gonakin shinkafa, domin yana ɗauke da taki da maganin feshi. Bokitin da ya taɓa ganin maganin ciyawa ko na ƙwari kada ya kusanci kifi, komai wankin da aka yi masa. A ware masa bokitinsa da tiyonsa. Fiya-fiya da maganin sauro na feshi kada a yi su kusa da shi. Ka kuma gargaɗi yara game da aduwa. Masuntanmu na da sun san ɓawonta da 'ya'yanta suna bugar da kifi, yadda magimfa ke yi, yaro kuma in ya gama tsotsa ba ya duba inda yake jefa ƙwallon.

Abinci kam ƙoshi ya fi yunwa kashe jan kifi. Ba ya nuna ya ƙoshi, duk sanda ya ga inuwar mutum sai ya taso yana buɗe baki, yara kuma tausayi zai sa kowa ya zo ya barbaɗa. Sau ɗaya ko biyu a rana, abin da zai cinye cikin minti biyu, ya wadatar. Kada a jefa masa tuwo ko burodi ko wani abu mai maiƙo. Abincin tarwaɗa da ake sayarwa a buhu ya yi masa nauyi in shi kaɗai zai riƙa ci, domin shi mai son ganye ne. A riƙa haɗa masa da ɗan dafaffen alayyafo ko zogale mara gishiri, jefi-jefi a ba shi tana ko gara. Ranar da zafi ya tsananta a rage abincin. Lafiyayyen babban kifi yana yin mako bai ci ba, babu abin da zai same shi.

Lokacin saye shi ne hunturu, Disamba ko Janairu, sa'ad da ruwanmu ya yi daidai da jikinsa, ya samu watanni ya saba kafin bazara. Ko daga Kano ka samo shi, ko Sakkwato, ko Gusau, ka taso da sassafe, ledar cikin kwali a lulluɓe, nesa da injin mota. In ka iso kada ka juye shi kai tsaye. Ka ɗora ledar a ɗaure a saman ruwan tankin na rabin awa, sannan ka buɗe ka riƙa ƙara mata ruwan tankin kaɗan-kaɗan, kana ka tsamo kifin ka sake shi. Ka zaɓi na gama-gari, mai siririn jiki da wutsiya ɗaya. Masu ƙullutun kai da bulbulallun idanu da jela biyu sun fi tsada, sun fi ɗaukar ido, sun kuma fi rauni nesa ba kusa ba. Biyu za ka saya, domin ba ya son kaɗaici, kuma kada su wuce uku. Wanda ka ga ya naɗe fukafukansa, ko yana kwance a ƙasa, ko yana da fararen ɗigo-ɗigo a jiki, bar shi a shagon tare da duk abokan zamansa. Waɗannan alamun kuma su za ka riƙa dubawa a gida kowace safiya. In ka tarar da su sun taru a sama suna haki, kada ka tsaya neman magani, sauya sulusin ruwa nan take, ka kunna iska, ka dakatar da abinci. Mafi yawan ciwon kifi daga ruwa yake farawa.

Ka ɗora wa yaro ɗaya nauyin ciyarwa, babban cikinsu, ka auna masa a murfin kwalba. Zai ga abin mamaki, domin zancen da ake yi cewa kifi ba ya tuna komai ba gaskiya ba ne. An gwada an ga jan kifi yana riƙe abin da aka koya masa har watanni, yana gane lokacin abinci da kusurwar da ake zuba shi. Amma ka sani cewa yaro mataimaki ne, amanar taka ce. Ɗokinsa zai yi mako uku ya huce, kifin kuwa yana nan. Murfin raga mai ƙarfi kuma wajibi ne kullum, ba don kyanwa da tsuntsaye kaɗai ba. Ɗan ruwan da bai kai gwiwa ba ya isa ya halaka yaro mai rarrafe, kuma ba a jin ƙara. In ba za ka iya tabbatar da murfin nan ba, ka jinkirta har ƙaramin ya yi wayo. Akwai kuma abin da ba na son faɗa amma dole in faɗa. Ka san halin rashin tsaron da yankinmu yake ciki, Allah ya kawo mana ƙarshensa. Akwai ranar da gida kan tashi ba shiri. Akuya ana kora ta, kaza ana saɓa ta, tanki kuwa ba ya ɗaukuwa. Tun yanzu ka san maƙwabcin da ka nuna wa yadda ake yi.

Idan wata rana ka gaji, ko suka yi maka yawa, kada tausayi ya kai ka ga juye su a dam ɗin Bakolori ko a hanyar ruwa. Ka ba wani mai so. Jan kifi in ya samu sarari yana tonon laka, yana tumɓuke tsirrai, yana cin ƙwan wasu kifaye, yana kuma iya shigo da cutar da na gida ba su sani ba. A kogin Vasse na yammacin Ostareliya an kama waɗanda suka kai santimita 40 da nauyin kusan kilo biyu, jikokin waɗanda aka zubar ne daga gidaje. A 2021 hukumar garin Burnsville a jihar Minesota ta Amurka sai da ta fito tana roƙon jama'a su daina sakin su a tafki. Mu nan ba sai an ba mu labarin abin da taɓa ruwa ke jawowa ba. Tun da aka kammala dam ɗin a 1978, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, ambaliyar da Gulbin Sakkwato ke yi wa fadamun da ke ƙasa da shi ta ragu, kifin da Sarkawan can ke kamawa shi ma ya ragu. Wanda ya rage a ruwan nan abincin mutane ne a Maradun da Mafara da Bakura, bai kamata a yi wasa da shi ba.

Da ni za ka bi, da karfasa za ka fara. Ita 'yar gida ce, ruwan digiri 28 zuwa 30 shi ne jin daɗinta, bazara ba ta razana ta. Yara za su ga yadda namiji ke share gurbi a ƙasa, da yadda uwa ke ɗauke ƙwanta a baki har su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su riƙa komawa bakin nata in sun tsorata. Tana cin 'ya'yan sauro. A wani bincike da aka wallafa a 2007 daga yammacin Kenya, tafkunan da aka saka mata sun samu raguwar 'ya'yan sauron zazzaɓi da fiye da kashi 90 cikin 100. In ta girma kuma ta shiga tukunya da bismilla, ba a yi asara ba. Mu ne muke raina namu: kurungu da talibamban da muke gani a komar masunta, a Turai cikin gilashi ake ajiye irinsu ana biyan kuɗi, kuma daga Legas ake fitar da kifayen ado na ruwayen Najeriya zuwa can. Tarwaɗa da gaiwa sun fi kowa juriya, tunda suna shaƙar iska kai tsaye, sai dai ba a haɗa su da ƙananan kifi, za su cinye su.

Amma na san ja yana da daɗin kallo, kuma yara sun riga sun sa rai. In shi ɗin kake so, bismilla. Ka yi ginin bayan an kawar da amfanin gona, ka jiƙa simintin a Oktoba, ka cika tankin a Nuwamba, ka sayo guda biyu a Disamba. Shekarar fari ka bar su su biyu har ka ga yadda suka ƙetare Afrilu da Mayu, sannan mu yi maganar na uku. In magini ya zo ka aiko a kira ni, ina so in ga inda za a sa rumfar kafin a aza bulo. Ka gaida mai ɗakinka da kyau, ka shafa mini kan yara.